Karatun da Ke Hannun Turai

Shekara goma sha bakwai cur, duk macen da ta rasu a Dugabau, kafin a aika wa liman sai an fara aikawa gidan Dabo manomi a kira matarsa Turai. Ita ke yi wa matan garin wankan ƙarshe. Gajeruwar mace ce mai kaurin hannu, ba ta da yawan magana, in ma ta yi sai ka matso kusa kafin ka ji. Wanda bai san asalinta ba ba zai ce daga gidan malamai ta fito ba. Ita ma ba ta cika faɗa ba, don zancen gidansu yana da ciwo a wurinta.

A Madadi aka haife ta, ta ƙasar Gwarzo, a gidan Malam Hambali, gidan da mutane ke tsokana suna cewa ko akuyarsu ta san baƙi da wasali. Yayyenta maza sun sauke tun gemu bai tsiro musu ba, ƙanwarta da aka yaye a kan idonta ta zo ta wuce ta. Turai kuwa Malam zai biya mata karatu da safe, ta bi shi tiryan-tiryan ba gargada, amma kafin ta kai ƙofar zaure abin ya zube. Da la'asar in aka ce ta kawo, sai ta ƙura wa allo ido kamar yau ta fara ganinsa. A makarantar allo sai ka haddace abin da ke kan allonka ake barinka ka wanke a rubuta na gaba. Na Turai ya taɓa yin wata huɗu ba a wanke ba, har tawadar ta gaji ta fara koɗewa da kanta.

An yi bulala, an yi lallashi, an yi mata rubutun buɗe ƙwaƙwalwa ta sha har ya ginshe ta. Yara suka laƙaba mata suna Kwando, wai ba ta riƙe ruwa. Malam Hambali ba mugun uba ba ne, amma mutum ne da bai san wata ƙofa da ilimi ke shiga ba in ba kunne ba, bai kuma san wata da yake fita ba in ba baki ba. Wata rana da ta sake kakarewa a wurin da ta kakare jiya, sai ya ajiye bulalar, ya dube ta.

"Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba," in ji shi. "Ki riƙe abin da za ki yi salla da shi. Tashi, Allah ya yi miki albarka."

Albarka ya sa mata, amma har ta yi furfura ba ta manta zafin wannan albarkar ba. Da dukan ne ma da ya fi mata sauƙi, don mai dukanka bai fid da rai da kai ba.

Uwarta, Inna Zulaiha, ita kaɗai ta lura da wani abu. In ka aiki Turai ta sayo abu uku, da ɗaya za ta dawo, shi ma sai an yi sa'a. Amma ranar da Inna ta kama yatsunta ta ɗora a kan mazari, daga ranar zaren Turai bai ƙara tsinkewa ba. Haka kitso, haka saƙar faifai. Abin da ya taɓa bi ta hannunta sau ɗaya ya zauna ke nan. In ta same ta tana kuka a bayan rumbu, Inna kan ce mata ta rabu da su, ita nata karatun a hannu aka zuba mata shi. Turai ta ɗauki maganar a matsayin lallashin uwa kawai, don a gidan malamai wa zai lissafa kaɗi da saƙa a cikin ilimi?

Da ta isa aure Dabo ya nema, ita ma tana so, aka kai ta Dugabau ta ƙasar Kabo. Can ta huta, don ba wanda ya san Kwando. Ta yi 'ya'yanta, ta yi surfenta, har aka shiga shekarun nan na tsuke bakin aljihu, lokacin da sabulu ma sai an bi layi, damina kuma ta zo ta ɗauke da wuri. Tsofaffi da masu jego suka riƙa tafiya fiye da yadda aka saba. Mai wankan matan garin a lokacin Iya Hajaratu ce, gwaggon Dabo, ga shi sanyin ƙashi ya fara ƙage mata yatsu. Ta nemi wadda za ta riƙa zuba mata ruwa, matan gidan kowa ta kawo uzuri. Turai ma ba jarumta ce ta kai ta ba, kunyar cewa a'a ce.

Iya Hajaratu ba ta yi mata bayani ko ɗaya ba. Ita a wurinta ba a surutu a kan gawa, bismilla ce kawai sai istigfari a ciki-ciki. Ta jera ƙwarya uku, ɗaya ruwan ganyen magarya, ɗaya ruwa zalla, ta ƙarshe ruwan kafur. Da yatsunta suka ƙi lanƙwasuwa, sai ta cafko wuyan hannun Turai, ta naɗe mata tsumma a tafi, ta riƙa jan hannun tana kai shi inda ya kamata a ƙarƙashin zanen da aka rufe mamaciyar da shi. Yadda ake shafa ciki a hankali, yadda ake yi mata alwala, yadda ake sa gwiwa a tokare a juya ta ba tare da zanen ya zame ba, duk ta wuyan hannu Turai ta ji su. A wanka na uku da suka yi tare, Iya ta koma gefe ta zauna a kan kujera 'yar tsuguno tana kallo. Ba ta gyara mata komai ba, kuma Iya ba mai kawaici ba ce.

A waɗannan shekarun ne sunan Turai ya fita. Alawayyo, farin yadin da ake likkafani da shi, ya yi wuyar samu, har magidanci kan shigo da wanda bai kai ba yana sunkuyar da kai. Turai za ta dubi mamaciya, ta auna yadin da kamu da taki sau ɗaya, ta yaga. Sai ka ga riga ta fita, ɗankwali ya fita, na naɗewa ya rufe har tafin ƙafa, ko ƙyalle bai yi saura ba. In aka tambaye ta kamu nawa ta yi, sai ta ce ita ma ba ta sani ba. Gaskiya take faɗa.

Da Inna Zulaiha ta rasu, Malam Hambali ya riga ya daɗe a ƙasa. Turai ta zo Madadi ta tarar da gida cike da matan malamai da 'ya'yan malamai, kowa ta san babin wankan gawa a ka, amma an tsaya ana kallon-kallo. Ta ajiye mayafinta ta shiga. Ta wanke uwarta, ta tsefe mata furfura ta yi mata kalaba uku, ta naɗe ta tsaf. Ba ta yi kuka ba ranar. Abin da ta ji a ranta ya fi kama da sanyi, don wannan ce rana ta farko da ta yi wani abu a gidan ubanta da ya zama nata ne ita kaɗai. Ta riƙe wannan ranar a zuci shekara goma, in duniya ta yi mata zafi ita take tunawa.

Sai aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Gari ya ɗauka, rediyo wa'azi, masallaci wa'azi, matan da ba su taɓa riƙe alƙalami ba suka ɗinka hijabi suka nemi makaranta. A Dugabau aka buɗe Islamiyyar matan aure, ana aron aji ɗaya a firamare bayan la'asar. Mai koyarwar Malama Badi'a ce, 'yar garin, wadda ta yi karatu a birni ta dawo da aure. Kada a ɗauki alhakinta, yarinya ce mai ladabi, ba ta wuce babba ba ta durƙusa ba, kuma tsakani da Allah take koyarwarta. Abin da ta gada kawai shi ne abin da Malam Hambali ya bari, cewa wanda ya sani shi ne wanda ya iya faɗa.

Turai ta shiga da ɗokinta. Ta ce wataƙila girma ya buɗe abin da ƙuruciya ta toshe. Ina! Kwandon nan dai yana nan yadda aka bar shi. Malama za ta rubuta a allon bango, a maimaita sau goma, Turai ta fi kowa ɗaga murya, kafin ta kai gida ta ɗora tukunya babu ko ɗaya. Da aka zo babin jana'iza ta ɗan ji daɗi, ta ce yau an zo gidanta. Amma da aka fara rarraba abin, wannan farilla, wannan sunna, wannan mustahabbi, sai ta ji kamar wani aiki dabam ake zance, ba wanda ta yi shekaru tana yi ba.

Ranar da aka kammala babin, Malama ta so ta girmama ta. Ta ce ga mai abin a zaune, Gwaggo Turai ta tashi ta faɗa wa 'yan aji yadda ake yi daki-daki. Turai ta miƙe. Ido arba'in a kanta, ƙamshin alli a hancinta, nan take ta koma 'yar shekara tara a zauren Madadi. Ta buɗe baki ta ce da kafur ake farawa. Ta ce ɓangaren hagu ake fara wankewa. Alwala ko ambatonta ba ta yi ba. Da aka tambaye ta sau nawa ake cuɗawa, ta ga kowa na jira, sai ta ce huɗu. Wasu amare a baya suka tuntsire da dariya a cikin hijabi.

Malama ba ta yi dariya ba, tsoro ne ya bayyana a fuskarta. A hankali ta ce, "Subhanallahi. Gwaggo, in haka kike yi, anya wankan nan yana yiwuwa kuwa?"

Ba da mugun nufi ta faɗa ba, har ta bi ta da ban haƙuri bayan an tashi. Amma magana zarar bunu ce. Turai ta tafi gida da ita, ta kwana da ita, ta tashi da ita. Dariyar amare ba ta dame ta ba, ta saba tun tana yarinya. Abin da ya hana ta sakat shi ne matan da ta wanke. Ta riƙa ganin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, tsofaffi da masu jego, har da Iya Hajaratu kanta. In bakinta ya faɗi haka, wa ya tabbatar mata hannunta ba haka yake yi ba? A ƙarƙashin zane ake aikin, mai zuba ruwa ba ta ganin komai, wadda aka wanke kuma ba ta dawowa ta ba da labari. Duk inda tunanin ya zaga, a kan Inna Zulaiha yake tsayawa. Ashe abu ɗaya tilo da take taƙama ta yi wa uwarta, mai yiwuwa ɓata shi ta yi, ta tura ta gaban Ubangiji ba tsarki.

Ta gwada bincikar kanta. Ta rufe ɗaki da rana tsaka, ta shimfiɗa zane a kan gado, ta ce bari ta yi tana faɗa da baki. Da ta fara tunanin me ke gaba, sai hannun ma ya rikice, ta rasa dama da hagu. Wannan ya ƙarasa karya ta. Ta daina cin abincin kirki. Dabo ya yi faɗa, ya ce yaushe aka haifi Badi'ar da za ta hana masa mata barci, amma Turai ta san shi ma bai taɓa shiga ɗakin ba, shaidarsa ta ƙauna ce kawai. Ta kife ƙoren nan uku a kan rumbu, ta aika wa matar liman cewa a nemi wata, ita ta bari. Makarantar ma ba ta ƙara komawa ba.

Wata biyu bayan haka, cikin marka, Asiya matar maƙerin garin ta rasu wurin haihuwa da hantsi. Jaririn ya rayu. Mata suka ce ai ga Malama, wa ya fi ta sanin hukunci? Badi'a ba ta iya cewa a'a ba, don ita ta jawo. Ta shiga ɗakin da babin nan kaf a kanta, ta tarar da Asiya, wadda suka yi firamare aji ɗaya. Ba ta taɓa sa hannu a jikin gawa ba. Littafi ya ce a juya ta, bai faɗi yadda mace ɗaya za ta juya nauyin da ba ya taimakon kansa ba. Ta ja, zanen ya zame, ta yi sauri ta mayar. Ga alawayyon da aka kawo gajere. A waje maza sun dawo daga haƙa kabari, makara na jingine, hadari na haɗuwa a gabas.

Badi'a ba ta aiki kowa ba, da ƙafarta ta zo. Ta sami Turai a tsakar gida tana tsince wake, ta durƙusa har ƙasa. Gaisuwar ma a gurguje ta yi ta, ta faɗi abin da ke tafe da ita, ta ce ta kasa, ta roƙe ta don Allah ta zo. Turai tana son ta ƙi, tana kuma jin ciwon a ce Asiya na kwance ba sutura. Can sai ta ga ai abin da take nema wata biyu ne ya zo har gida.

"Zan zo, Malama, amma da sharaɗi," in ji ta. "Ki ɗauko littafinki ki tsaya a kaina. Ki ɗaga gefen zanen ki kalli hannuna. Duk inda na kuskure ki tsai da ni, kada ki ji kunyata. In kin rufa mini, na bar ki da Allah."

Ta sauko da ƙorenta, ta tsinko magarya a bakin hanya. Da ta shiga ɗakin, ƙamshin danyen ganyen ya bugi hancinta, sai ta ji kafaɗunta sun sauka. Ta yi bismilla, ta naɗe tsumma a tafi, ba ta ƙara tunanin me ke gaba ba. Badi'a na tsaye da littafi a buɗe, yatsanta a kan layi, tana karantawa ƙasa-ƙasa. Kafin ta ce a shafa ciki, hannun Turai na kan cikin. Kafin ta ce alwala, an wanke fuska an kai gwiwar hannu. Dama ta riga hagu, gwiwa ta tokare, Asiya ta juyu a hankali kamar mai barci, zanen ko motsi bai yi ba. Sau uku aka cuɗa, kafur ya zo a ƙarshe. Tun Badi'a na karantawa har ta koma bin layin da ido kawai, don hannun ya riga bakinta ko'ina.

Ana shirin naɗewa sai jini ya sake fitowa, kamar yadda yakan faru ga wadda ta tafi a kan gwiwa. Turai ta wanke wurin kaɗai, ta sa auduga, ta miƙa hannu ga likkafani.

"Tsaya, Gwaggo," in ji Badi'a. "Ba sai an sake wankan daga farko ba?"

Hannun Turai ya tsaya cak. Ta san sau nawa ta yi haka a shekara goma sha bakwai, kuma ba ta taɓa sakewa ba. Ta ce a ranta, to ga shi nan, an zo wurin. Ba ta kare kanta ba, ba ta da bakin yi. Ta tsaya tana jin ƙarar takarda, Badi'a na buɗe shafi tana komawa baya, ruwa ya fara ɗiga a kan kwano. Sai yatsan ya tsaya. Badi'a ta karanta, ta sake karantawa, ta ce a wanke wurin kawai aka ce, ba a sake wanka. Ta ce ita ce ta manta. Turai ta auna yadin sau ɗaya ta yaga, ya rufe Asiya har tafin ƙafa.

Daga baya an yi abubuwa. Badi'a ta tsaya a gaban aji ta janye maganarta da bakinta, kuma duk shekara in an zo babin jana'iza sai ta rufe littafi, a naɗe tabarma a rufa mata zane, Turai ta riƙa kama wuyan hannun mata ɗaya bayan ɗaya. An samu waɗanda ba su taɓa cin jarrabawa ba sun fi kowa ɗauka. Turai dai har ta koma ga Allah ba ta iya jero farilla da sunna ba, in an tambaye ta sai ta ce a kawo tabarma. Amma in ana zancen, ba wannan ne abin da take tunawa ba.

Abin da take tunawa shi ne bayan an fita da makara, su biyu sun rage a ɗakin, tana ɗauraye ƙorenta. Ba ta dubi Badi'a ba ta yi tambayar, muryarta ƙasa kamar kullum.

"Malama, kin gani da idonki?"

"Na gani, Gwaggo. Ko wasali ba ki bari ba."

"Haka nake yi wa kowa. Haka na yi wa Inna."

Badi'a ta rufe littafin ta ce, "To Inna ta tafi da tsarkinta."

Turai ta kife ƙwaryar kafur a kan 'yan uwanta, ta zauna a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kukan da ba ta yi a Madadi ba shekara goma da suka wuce, ranar ta yi shi.